Alp Arslan da Yaƙin Malazgirt: Wa Ya Buɗe wa Turkawa Ƙasar Rum?

Shin Sarki Alp Arslan ne ya ci ƙasar da ake kira Turkiyya a yau? Tambayar kan taso duk ranar 26 ga Agusta, domin a ranar ne gwamnatin Turkiyya ke biki a garin Malazgirt da ke gabashin ƙasar, don tunawa da yaƙin da aka gwabza a can a shekarar 1071. Shugaban ƙasa kan halarta da kansa, a kakkafa tantuna irin na mutanen da, mahaya su yi ta sukuwa da kwari da baka. Daga nan guntayen bidiyo su bazu a Facebook da TikTok, su haɗu da fina-finan tarihin Turkawa da ake juyawa zuwa Hausa, sai labari ya zauna a bakin mutane kamar haka: wani sarkin Musulmi ya tashi takanas da 'yan mayaƙa kaɗan don ya karya Rumawa, ya karya su a yini guda, ƙasarsu ta koma hannun Musulmi, Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta miƙe daga nan.

Yaƙin ya faru, kuma an kama sarkin Rum da ransa, abin da wani sarkin Musulmi bai taɓa yi ba kafin ranar. Wannan ba a ja. Amma lokacin da Alp Arslan ya fito da rundunarsa, Masar ya nufa. Da ya yi nasara kuma bai tsaya ya ci ƙasar ba, ya juya gabas, bai kuma sake takawa can ba har ya rasu bayan wata 15. Tsakaninsa da Usmanu wanda ya kafa Daular Usmaniyya akwai fiye da shekara 200, ba kuma gida ɗaya suka fito ba. To in haka ne, yaya aka yi ƙasar ta kuɓuce wa Rumawa?

Saljuƙawa, Rumawa da Fatimiyawa

Asalin Turkawa makiyaya ne a filayen Asiya ta Tsakiya. Reshen da ake kira Oguz yana kiwo a arewacin kogin Sirdarya, yankin Kazakistan ta yau. Wani jagoransu mai suna Saljuƙ ya musulunta a garin Jand a ƙarshen ƙarni na 10, daga sunansa gidan ya samo suna. Jikokinsa biyu, Tugril da Chagri, su ne suka mayar da dangin makiyaya daula. A 1040 suka karya Sarki Mas'udu, ɗan Mahmudu na Gazna, a Dandanƙan kusa da birnin Marwa da ke Turkmenistan ta yau, yankin Khurasan ya zama nasu. Chagri ya zauna a Marwa yana riƙe da gabas, Tugril ya nausa yamma har ya shiga Bagadaza a 1055.

A nan akwai buƙatar a rarrabe halifa da sultan, don mutane na cakuɗa su. Halifan Abbasiyawa na lokacin, Alƙa'imu, shi ne shugaban Musulmi Ahlus Sunna a suna: shi ake ambata a huɗuba, shi ke aika wa sarakuna tuta da tufafin girma. Amma tun 945 halifa ba shi da soja ba shi da baitulmali, gidan Buwaihi, waɗanda 'yan Shi'a ne, ke juya shi. Tugril ya kawar da su, halifa ya tabbatar masa da sarautar sultan. Tsarin da aka zauna a kai shi ne halifa ya riƙe martaba, sultan ya riƙe takobi da haraji.

Rum kuwa ita ce daular Kiristoci masu magana da Girkanci, wadda babban birninta Kustantiniyya ne, Istanbul ta yau. Anatoliya, wato faffaɗan yankin da ya zama mafi yawan Turkiyya, ita ce rumbunta, daga can take samun soja da haraji.

Akwai daula ta uku wadda labarin fim kan manta da ita, alhali ba a fahimtar Alp Arslan sai da ita. Fatimiyawa 'yan Isma'iliyya, wani reshe na Shi'a, suna Alƙahira da nasu halifan, Almustansir, suna riƙe da Masar da yawancin Sham da Makka da Madina. A ƙarshen 1058 wani kwamanda mai suna Basasiri ya kama Bagadaza da goyon bayansu, aka fitar da halifan Abbasiyawa daga birninsa, aka yi kusan shekara guda ana huɗuba da sunan halifan Alƙahira a kan mumbarin Bagadaza. Sai da Tugril ya dawo ya maido da shi. Alp Arslan yana da kimanin shekara 30 aka yi wannan. A idon gidan Saljuƙ, Rumawa maƙwabta ne da ake kai wa hari a kuma yi sulhu da su, Fatimiyawa kuwa abokan takarar halifanci ne.

Yadda ya hau gado

Sunan Alp Arslan na yanka Muhammadu, ɗan Chagri ne, an haife shi wajen 1029. Ya gaji mahaifinsa a Khurasan, can kuma ya haɗu da wani magatakarda Bafarishe mutumin Tus, Hasan ɗan Ali, wanda duniya ta sani da Nizamul Mulk. Marubutan Farisa sun siffanta Alp Arslan da dogon mutum mai doguwar hula, gashin bakinsa har sai ya ɗaure shi ta ƙeya in zai yi harbi, kuma an ce kibiyarsa ba ta kuskure.

Tugril ya rasu a 1063 bai bar ɗa ba. A al'adar Turkawan makiyaya, mulki na gida ne gaba ɗaya, duk namijin da ya isa yana da haƙƙin nema, saboda haka kowace rasuwar sarki sai an zare takobi. Wazirin Tugril, Alkunduri, ya ɗora wani ƙanen Alp Arslan mai suna Sulaimanu, wanda zai iya juyawa. Wani babban ɗan gidan, Ƙutalmish, shi ma ya tashi da tarin makiyaya a bayansa. Alp Arslan ya taso daga Khurasan ya karya shi, Ƙutalmish ya mutu a wannan karo. A riƙe sunan nan, domin ɗansa zai dawo cikin labarin. Alkunduri kuma aka tsare shi, aka kashe shi a 1064. An ruwaito cewa kafin a kashe shi ya aika wa Nizamul Mulk cewa ya koya wa Turkawa mugun abu, wato kashe waziri.

Makiyayan da ba su jin kira

Ga abin da nake ganin shi ne zuciyar maganar. Saljuƙawa sun ci daula ne a kan dawakin makiyayan Oguz, waɗanda ake kira Turkumawa. Da daula ta kafu, sultan ya zama sarkin birane irin su Nishapur da Rayyu da Isfahan, masu gonakin ban ruwa da kasuwanni da malamai, waɗanda harajinsu ke ciyar da fada. Turkumawa kuwa suna nan da tumakinsu da dawakinsu da raƙumansu, suna neman ciyawa, kuma sababbi na ta kwararowa daga gabas. In aka bar su a Iran da Iraƙi za su cinye gonakin masu biyan haraji. In aka taka musu birki za su bi duk ɗan sarkin da ya yi tawaye, kamar yadda suka bi Ƙutalmish.

Mafita ita ce a nuna musu arewa maso yamma. Tuddan Azarbaijan da Armeniya da gabashin Anatoliya suna da sanyi da ciyawa irin wadda dabbobinsu suka saba da ita, saɓanin zafin Iraƙi. Tun zamanin Tugril suke kutsawa can, su yi kiwo, su kwashi ganima, su dawo. Sultan ma kan jagorance su jefi-jefi don su san har yanzu shi ne uban tafiya. A 1064 Alp Arslan ya kai yaƙi Jojiya da Armeniya, ya ci birnin Ani mai ɗimbin majami'u, wanda Rumawa suka karɓe daga sarakunan Armeniya a 1045. An yi kisa mai yawa a Ani, an kwashi bayi masu yawa. Marubutan Armeniya sun rubuta haka, marubutan Musulmi ma sun rubuta, kuma wanda ke son sarkin nan da gaske bai kamata ya tsallake wannan shafi ba.

Rumawa da kansu sun sassauta ƙofar. Bayan sun haɗiye masarautun Armeniya da ke tsakaninsu da gabas, sai suka sauke rundunar 'yan ƙasa da ke tsaron wannan iyaka, suka ce a riƙa biyan kuɗi maimakon aikin soja, suka dogara da sojan haya. Sakamakon bai jima ba. A 1067 Turkumawa suka wawashe Kaisariyya a tsakiyar Anatoliya, bayan shekara biyu suka kai har Konya. Yawancin waɗannan hare-hare ba da umarnin sultan aka yi su ba, wasu jagororin ma gudun fushinsa suke yi. Amma a Kustantiniyya ba wanda ke bambance Baturken sultan da Baturken daji. A watan Janairu 1068 aka naɗa wani janar, Romanos Diyojinis, sarkin Rum, ya auri matar sarkin da ya rasu, da fatan ya kawo ƙarshen wannan ɓarna. Dangin marigayin, gidan Dukas, ba su taɓa yafe masa wannan hawa ba.

Tafiyar da aka yi niyyar Masar

A shekarun nan Masar na cikin bala'in yunwa, wadda ta ɗauki kimanin shekara 7 daga 1065, ga sojojin Fatimiyawa na yaƙar juna. Sharifin Makka ya mayar da huɗuba ga halifan Bagadaza da Alp Arslan, sarkin Halab ma ya bi sahu. Ɗaya daga cikin manyan kwamandojin Masar ya aiko yana gayyatar sultan ya zo ya karɓi ƙasar. A ƙarshen 1070 Alp Arslan ya fito. A kan hanya ya kama Malazgirt, ya yi wa Ruha, Urfa ta yau, ƙawanya bai ci ta ba, ya wuce Halab ya tilasta wa sarkinta fitowa ya yi mubaya'a.

Yana can a bazarar 1071 labari ya iske shi cewa sarkin Rum ya fito da babbar runduna ya nufi Armeniya, wato bayansa. Ya juya cikin gaggawa, har aka yi asarar dabbobi da kaya wajen ƙetare kogin Furatu, sojoji da yawa kuma suka watse. Ya tura iyalinsa da kayan fada tare da Nizamul Mulk zuwa cikin Iran, ya tattara wanda ya samu a Azarbaijan, har da Kurdawa, ya nufi tafkin Van, yankin da Malazgirt take.

Juma'ar 26 ga Agusta

Batun yawan mayaƙa shi ne inda aka fi zuzutawa. Littattafan Larabci sun ce Rumawa 200,000 ne, wasu ma suka ƙara, sultan kuma yana da 15,000. Sai dai manyan waɗannan littattafai an rubuta su ne da daɗewa bayan yaƙin. Ibnul Asir, wanda aka fi dogara da shi, ya rasu a 1233, ya yi rubutu ne a zamanin Yaƙin Salibi, lokacin da Musulmi ke buƙatar labarin da zai ƙarfafa zuciya. Masana na yanzu, bisa lissafin abinci da hanya, sun fi karkata ga cewa Romanos ya fito da kimanin 40,000. Daga cikinsu ya yanki babban kaso ya tura garin Ahlat a bakin tafkin, waɗannan kuma da suka ji ƙamshin Turkawa sai suka yi yamma, ba su shiga yaƙin ba. Saboda haka a ranar ba a yi wa sultan rinjayen da ake faɗa ba. Rundunar Rum ɗin ma tarkace ce: Girkawa, Armeniyawa, Faransawan haya, har da Turkawan Oguz da ba su musulunta ba, waɗanda wasunsu suka sauya sheƙa kafin a kara.

Duk da haka Alp Arslan ya nemi sulhu. Ya aika manzo, Romanos ya mayar da amsa cewa sai a Rayyu za a yi maganar sulhu, wato a tsakiyar ƙasar sultan. Wannan neman sulhu shi kaɗai ya isa ya nuna inda hankalin sultan yake. Shi kuma Romanos yana da dalilinsa: ya kashe dukiya mai yawa wajen tara rundunar, in ya koma gida hannu rabbana, gidan Dukas na jiransa.

Marubutan Musulmi sun ce limamin sultan, Abu Nasar Albukhari, ya ba shi shawara ya jira ranar Juma'a, sa'ar da limamai ke kan mumbari suna yi wa mayaƙa addu'a. Suka ce ya sa fararen kaya, ya shafa turaren gawa, ya ce in an kashe shi su ne likkafaninsa. Ya ɗaure wutsiyar dokinsa da hannunsa kamar yadda Turkawa ke yi in za a yi ta ta ƙare, ya ajiye kwari da baka ya ɗauki takobi da kulki, ya ce wanda ke son komawa ya koma.

Yadda yaƙin ya gudana kuwa mun fi saninsa daga wani alƙalin sojan Rum, Mika'ilu Attaliyatis, wanda yana cikin tafiyar. Rumawa suka jeru suka yi ta matsowa. Turkawa suka yi ta ja da baya, maharba a kan dawaki suna zagayo ta gefe suna zuba kibau, ba su yarda an haɗa ƙirji ba. Haka aka yini. Da rana ta yi sanyi, Romanos ya ga ya yi nisa da sansani, ya sa a juya tutarsa alamar a koma. Waɗanda ke nesa suka ɗauka sarki ya faɗi. Rundunar baya, wadda aikinta ke nan ta rufa wa masu janyewa, tana hannun Andronikos na gidan Dukas. Maimakon ya matso, sai ya baza cewa an karya sarki, ya kwashe mutanensa ya tafi. Turkawa da ke kan tudu suka hangi ɓarakar, suka sauko suka yi wa tsakiyar rundunar zobe. Romanos ya yi faɗa har aka kashe dokinsa aka sare shi a hannu, aka kama shi.

Sarki a hannun sarki

Abin da ya biyo baya shi ne mafi kyawun abin da aka sani game da Alp Arslan, kuma Rumawa da kansu sun shaida shi. Bayan an yi al'adar nuna rinjaye, sultan ya ɗaga Romanos, ya sa aka kafa masa tanti, ya riƙa cin abinci tare da shi. Ibnul Asir ya kawo cewa ya tambaye shi abin da yake zaton za a yi masa, Romanos ya ce ko a kashe shi, ko a zaga da shi garuruwan Musulmi, ko kuma, abin da bai sa rai ba, a yafe masa a karɓi fansa. Sultan ya ce na ukun ya ƙudurta. Aka yanka fansa dinari miliyan ɗaya da rabi, da sakin fursunonin Musulmi, da yarjejeniyar zaman lafiya. Bayan kamar kwana 8 ya sallame shi da 'yan rakiya.

Karamci ne, amma akwai lissafi a ciki. Sarkin Rum da ke kan gado yana biyan kuɗi ya fi wa sultan amfani a kan gawa, domin bayansa zai zauna lafiya ya fuskanci abin da ke gabansa. Gidan Dukas ne suka rushe lissafin. Kafin Romanos ya isa gida sun tuɓe shi sun ɗora Mika'ilu na 7. Ya tara 'yan magoya baya aka karya shi sau biyu, ya miƙa wuya bisa alkawarin ba za a taɓa shi ba, aka ƙwaƙule masa idanu a watan Yuni 1072, ya mutu da raunin bayan 'yan makonni. Tun kafin nan ya aika wa sultan ɗan abin da ya iya tarawa na fansar. Da mutuwarsa yarjejeniyar ta mutu.

Alp Arslan a lokacin ya riga ya yi gabas, zai yaƙi Ƙarakhanawa na Samarƙand da Bukhara, waɗanda su ma Turkawa ne Musulmi. Bayan ya ƙetare kogin Jaihun aka kawo masa wani mai tsaron ganuwa, Yusufu Alkhawarizmi. Sultan ya sa a kafa turaku huɗu a ɗaure shi, Yusufu ya zage shi a gaban jama'a. Cikin fushi ya ce a sake shi, ya ɗana kibiya, ya harba, ya kuskure. Yusufu ya daka tsalle ya soke shi da wuƙa. Ya rasu bayan kwana 4, a watan Nuwamba 1072, aka binne shi a Marwa kusa da mahaifinsa. An ruwaito cewa a kan gadon mutuwa ya ce jiya-jiya ya hau tudu ya ga ƙasa na girgiza da yawan sojansa, ya ji a ransa ba mai iya masa, sai Allah Ya kayar da shi ta hannun mafi raunin bayinSa. Shekara 9 ya yi a kan mulki.

To wa ya buɗe ƙofar?

Rundunar Rum ba ta ƙare a Malazgirt ba, mafi yawanta ta koma gida. Biranen Anatoliya masu ganuwa suna nan, makiyaya kuma ba su iya cin ganuwa ba. Abin da ya ci ƙasar shi ne shekara 10 na yaƙin basasa da ya biyo baya, inda kowane mai neman gadon Kustantiniyya ya riƙa hayar Turkumawa a kan ɗan'uwansa. Wani kwamandan Faransawan haya, Rusel, ya yi tawaye ya kafa ƙasarsa a tsakiyar Anatoliya, gwamnati ta kira Turkawa su kama shi. A 1078 janar Botaniyatis ya tafi karɓar sarauta da mayaƙan Turkawa a bayansa. Bayan shekara 2 wani janar ɗin, Melisinos, ya yi tawaye, ya riƙa zuba Turkawa a biranen yamma su tsare masa, ba su kuma fita ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wanda ya fi kowa cin wannan gajiya shi ne Sulaimanu ɗan Ƙutalmish, ɗan mutumin nan da ya mutu yana jayayya da Alp Arslan. Zuwa 1081 yana zaune a Nikiya, Iznik ta yau, tafiyar 'yan kwanaki daga Kustantiniyya. Shi ya kafa daular Saljuƙawan Rum, wadda daga baya ta koma Konya, kuma tsakaninta da 'ya'yan Alp Arslan ba a rabu da zaman doya da manja ba. Daular nan Mongolawa suka karya ta a 1243, ta farfashe zuwa ƙananan masarautu, daga ɗayansu Usmanu ya fito wajen 1299.

Ta fuskar Turai kuwa, asarar Anatoliya ce ta sa sarkin Rum Aleksiyos ya nemi agaji daga Paparoma Urban na 2 a 1095. Abin da ya zo masa shi ne Yaƙin Salibi na farko, wanda ya ƙwace Nikiya a 1097, ya shiga Ƙudus a 1099 da kisan da har yau ake tunawa.

Me ya sami talaka?

Manomin tsakiyar Anatoliya shi ya fara ɗanɗanawa. Wanda ya iya ya gudu bayan ganuwa ko bakin teku, gonaki da yawa suka koma wurin kiwo. A Kustantiniyya kuɗin zinariya ya lalace, alkama ta yi tsada, har aka yi wa Mika'ilu na 7 laƙabi da cewa a zamaninsa an tauye mudu da kashi ɗaya cikin huɗu. Armeniyawa da yawa suka yi ƙaura kudu zuwa Kilikiya, suka kafa sabuwar masarauta. Wasu Kiristocin Armeniya da Suryaniyawa kuma, waɗanda cocin Rum ya daɗe yana matsa wa kan bambancin aƙida, sun sami sauƙi a ƙarƙashin Turkawa, inda ake biyan jiziya a bar mutum da addininsa. Musuluntar ƙasar ta ɗauki ƙarnuka, ta hanyar auratayya da shehunan Sufaye da wakafi da zaman birni, kuma Girkawa masu yawa sun zauna a Anatoliya har musayar jama'a ta 1923 tsakanin Turkiyya da Girka.

Shi ya sa yau kowa ke karanta ranar da idonsa. Gwamnatin Turkiyya na kiranta ranar buɗe ƙofar Anatoliya, tana haɗa ta da 26 ga Agusta 1922, ranar da Mustafa Kamal, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ya fara farmakin da ya kori sojan Girka, har Shugaba Erdogan na ambaton 2071 a matsayin shekarar buri, cikar shekara 1000. Girkawa da Armeniyawa na ganin mafarin asararsu. Masana tarihi irin su Bafaranshe Jean-Claude Cheynet, tun 1980, sun nuna cewa a fagen fama asarar ba ta kai yadda ake faɗa ba, a fada aka yi ta. Ni a nan na tsaya. Nasarar ta Alp Arslan ce, ba mai ƙwace masa, amma ƙasar makiyaya masu neman ciyawa ne suka shige ta, manyan Rum masu neman sarauta suka buɗe musu.

Gadon da ya iso zaurukanmu

Akwai wani aikin zamanin Alp Arslan da ba a yi masa biki, wanda kuma ya fi Malazgirt kusa da mu. A zamanin Tugril, waziri Alkunduri ya sa an riƙa la'antar mabiya aƙidar Ash'ariyya a kan mumbarin Khurasan, aka hana malamansu wa'azi da karantarwa. Manya irin su Alƙushairi da Aljuwaini suka bar Nishapur. Aljuwaini ya yi kimanin shekara 4 tsakanin Makka da Madina, daga nan ya samo laƙabin Imamul Haramaini. Da Alp Arslan ya hau, Nizamul Mulk ya dakatar da la'anar, ya dawo da malaman, ya gina wa Aljuwaini makaranta a Nishapur inda ya karantar har rasuwarsa a 1085.

Abin lura shi ne sultan Bahanafe ne mai tsanani, waziri kuma Bashafi'e. Nizamul Mulk da kansa ya rubuta cewa sultan kan yi takaicin wazirinsa ba ɗan mazhabarsa ba ne, shi kuma kullum cikin tsoronsa yake. Sun saɓa a kan wasu abubuwan ma. Waziri ya so a farfaɗo da tsarin 'yan rahoto a larduna, sultan ya ƙi, ya ce maƙiyi zai saye su da kuɗi, masoyi kuma ba zai damu da su ba, ƙarshenta a riƙa kawo masa sharrin masoya da alherin maƙiya. Duk da wannan bai tuɓe shi ba, ya bar masa alƙalami shi ya riƙe doki. Sarkin da ya san iyakar abin da ya iya, ya kuma jure wa wazirin da ya fi shi sanin mulki, ba kasafai ake samunsa ba, kuma a ganina wannan ya fi kama sarkin Rum wuya.

Makarantar Nizamiyya ta Bagadaza an fara gininta a 1065 aka buɗe a 1067, da wakafin da ke biyan malamai albashi, yana ciyar da ɗalibai, yana ba su ɗaki. A shekarar ne kuma wani babban ma'ajin sultan ya gina ƙubba da makarantar Hanafiyya a kabarin Imamu Abu Hanifa. Shi Alp Arslan bai taɓa shiga Bagadaza ba duk tsawon mulkinsa. Nizamul Mulk ya ci gaba da waziranci shekara 20 a ƙarƙashin ɗansa Malikshah, har aka soke shi da wuƙa a 1092, shekara guda bayan ya naɗa wani almajirin Aljuwaini, Abu Hamid Algazali, babban malamin Nizamiyyar Bagadaza. Ɗalibin da ya buɗe Waraƙat ta Aljuwaini a gaban malaminsa a Kano ko Zariya ko Damagaram don ya fara usulul fiƙhi, ko ya kai ga Ihya'u ta Algazali, yana karatu ne daga malaman da wannan fada ta maido kan buzunsu ta kuma ɗauki nauyinsu.